Shela Ta Uku

Kijwara,
Litinin, 5 ga Mayu, 1997

Zuwa ga aminiyata Damali Akiiki,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Yaya aikin asibiti, yaya kuma sanyin Gaborone da ba kya gajiya da kukansa? Ƙafar ta daina kumburi? Ki gaida maigidan da yara. Mu nan ruwa bai ɗauke ba tun bikin Ista, hanyar gidanmu ta koma kunu.

Na san rabona da rubuto miki tun Kirsimeti. Ki ajiye faɗan sai wani lokaci, yanzu ki nemi wuri ki zauna. Labari biyu ne. Erisa ba shi da lafiya. Ni kuma zan yi aure. Kada ki zaro ido, angon shi ne dai Erisan, wanda na zauna da shi shekara ashirin da bakwai.

Ciwon daji ne a hanta, kuma ya yi nisa. Likitan da muka gani a gari ya ce mu koma gida a riƙa ba shi duk abin da ransa yake so. Na bi shi waje na tambaye shi wata nawa ya rage. Ya ce in daina lissafi da watanni. Ke ma'aikaciyar jinya ce, ba sai na ƙara miki bayani ba.

Da muka dawo na tambayi Erisa me ransa yake so, ina zaton zai ce gasasshen naman akuya. Sai ya kira ni da sunana na girmamawa ya ce, "Adyeri, so nake in mutu ina da mata a littafin coci. Mu karɓi Jibin Ubangiji tare ko sau ɗaya ne."

Kin tuna yadda aka yi. Baba ya rantse malamar makaranta mai takardar shaida ba za ta auri kafinta ba, coci kuma ba ta ɗaura aure sai da wasiƙar yardar uban amarya. Na ɗauki akwatina na bi Erisa. Da Baba ya rasu shekara tara da suka wuce, Yaya Firipo ya gaji gidan, ya gaji shanun, ya gaji taurin kan. Tun ranar da na bi Erisa, duk Lahadin da aka tashi karɓar jibi, wato gurasa da ƙoƙon tarayya, ni da Erisa muna zaune muna kallon bayan mutane, a kan bencin da shi ya sassaƙa da hannunsa. Makon jiya Firipo ya zo dubiya. Ya ga abin da ya rage na Erisa, ya fita bayan madafa ya daɗe, ya dawo idonsa ja ya ce a ba shi takarda da biro. Layi uku ya rubuta, Akiiki. Layi uku muka jira tun kafin a haifi 'yarmu Eseza, ga ta yau ita ma malama ce a Kampala.

Na kai wasiƙar wurin limamin ikkilisiyarmu, Rabaran Yosamu Kasaija. Ba ki san shi ba, bayan tafiyarki Bishop ya turo mana shi, shekara goma sha ɗaya ke nan. Duk abin da Bishop zai yi a Kijwara da yana da ƙafa ɗari, shi ne yake yi a madadinsa: ya yi wa jariri baftisma, ya ɗaura aure, ya binne gawa, makullin akwatin littattafai yana wuyansa. Akwai kuma abin da ban taɓa gaya miki ba, ki riƙe shi a cikinki. Wa'azin da ya yi suna da shi a duk yankin nan, ni nake rubutawa. Da gyaran kurakurai muka fara, ba a yi shekara ba ya koma kawo mini aya kawai. Shi yana da murya, ni ina da littattafai da haƙurin karanta su. Duk Alhamis a gidanmu yake cin tuwon gero da miyar wake, ya tafi da shafi huɗu a aljihun kwat. Erisa yakan tsokane shi, ya kira shi da sunansa na girmamawa ya ce, "Apuuli, mumbarin aikina ne, wa'azin na matata ne, kai me ka kawo?" Shi kuma ya taɓa farar kwalarsa ta limanci, ya mayar wa Erisa da nasa sunan ya ce, "Wannan, Araali. Ka sassaƙa irinta in gani." Su yi ta dariya har shayi ya huce. Ban taɓa jin haushin tsarin nan ba. Matar da ba a yarda ta karɓi jibi ba, ga ta tana magana daga mumbari duk mako. Yana yi mini daɗi, ba zan ɓoye miki ba.

Ya karanta wasiƙar Firipo ya rungume ni. Sannan ya ce ƙa'ida ita ce a yi shelar auren a coci Lahadi uku a jere, ko akwai mai ja, kafin a ɗaura. Na ce masa Erisa ba shi da tabbacin Lahadi uku. Na kuma tuna masa abin da ke cikin kundin dokokin coci, wanda ni na taya shi bitarsa lokacin jarrabawarsa: idan ɗaya daga cikin biyun yana bakin mutuwa, Bishop yana iya ba da izini a ɗaura ba tare da shela ba, muddin limamin wurin ya nema a rubuce. Ya ce, "Adyeri, gobe-goben nan zan rubuta. Amma kafin amsa ta zo mu fara shelar, kada mu zauna haka nan." Na ga hikimar maganar.

Jiya aka yi ta farko. Da ya karanta sunayenmu sai wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa daga baya. A bakin ƙofa matan ƙungiyar Zumunta ta coci suka tare ni, ɗaya tana cewa, "Amarya, anya ba ki yi gaggawa ba? Kin dai binciki halinsa sosai?" Na kawo wa Erisa labarin, ya yi dariya har sai da ya riƙe cikinsa.

Ranar Alhamis Rabaran zai yi wa'azi a taron limamai a gaban Bishop. Kujerar babban limamin yanki ba kowa a kai, sunansa kuma yana cikin waɗanda ake dubawa. Ina rubuta masa wa'azin a gefen gadon Erisa, a kan makiyayi da garkensa. Zan sa duk abin da na iya a ciki.

Ki yi mana addu'a. In izinin ya zo a makon nan, wasiƙata ta gaba daga matar aure za ta fito.

Taki har kullum,
Keziya Kemigisa Adyeri

Kijwara,
Laraba, 14 ga Mayu, 1997

Akiiki,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gidan. Da fatan kowa lafiya. Na san wasiƙar farko ma ba ta iso ki ba tukuna, amma in ban rubuta wannan ba zan fasa wani abu a gidan nan, kuma kwanukanmu ba su da yawa.

Erisa ya daina cin tuwo. Shayi da madara ne, cokali-cokali, idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Eseza ta ɗauki hutu ta zo. An yi shela ta biyu ranar Lahadi. Kullum na tambayi Rabaran labarin izini sai ya ce, "Kin san ofis, Adyeri, ba a yi musu gaggawa."

Jiya na bar Eseza da babanta na hau mota zuwa gari, na tafi ofishin Bishop da ƙafata. Sakatariyar dattijuwa ce mai kirki. Ta buɗe littafin da take shigar da duk wasiƙar da ta iso, ta bi layi-layi da yatsa tun daga farkon wata. Babu komai daga Kijwara. Na ce ta sake dubawa. Ta sake. Sannan ta cire tabarau ta ce, "Mama, ai irin wannan takarda ba ta kwana. A watan Janairu an ba wani yana gadon asibiti, da safe aka nema, kafin la'asar an sa hannu." Ta ƙara da cewa, don ta faranta mini, "Ai limaminku yana nan ranar Alhamis. Wa'azin da ya yi, Bishop da kansa ya jawo shi ya zauna kusa da shi wurin cin abinci. Awa biyu suna hira."

Awa biyu, Akiiki, gwiwa da gwiwa.

Na ce to ni in nema da kaina. Ta ce ba a karɓa sai daga hannun limami. Na ce in ya rubuta yau fa? Ta ce Bishop ya hau ikkilisiyoyin kan dutse tun ranar Litinin, inda mota ba ta zuwa balle waya, sai ashirin da ɗaya ga wata zai sauko. Ƙofar ta rufe ranar Litinin, ina gida ina dama wa mutumin da nake zaton ya buɗe ta shayi.

Daga tasha ban biya gida ba. Na same shi a gidan limami yana wanke babur. Da ya ga fuskata ya ajiye tsumman.

Na ce, "Daga ofishin Bishop nake."

Ya ce, "Adyeri, shigo mu zauna."

Na ce, "Na zauna shekara ashirin da bakwai, Rabaran. Yau a tsaye zan ji."

Sai ya fara. Wai Bishop mutum ne mai tsanani a kan zaman da ba a ɗaura a coci ba, bara ya sauke wani limami don ya bar irinmu ya ja ragamar mawaƙa. Wai da ya miƙa takardar, dole Bishop ya tambayi wace ce wannan Keziya, ga shi limamin ikkilisiyar da ke maƙwabtaka da mu, wanda shi ma yake neman kujerar, ya fara raɗe-raɗin cewa wata mata ce take rubuta wa'azin Kijwara. Wai nufinsa ya bari kwamitin ba da kujerar ya zauna tukuna. Wai ya duba Erisa ya ga da sauran ƙarfinsa. Shi da bai iya bambanta zazzaɓi da mura ba.

Abin da ya faɗa daga ƙarshe shi ne ya fi yi mini ciwo. Ya ce, "Na rubuta fa, Adyeri, Allah ne shaidata. Tana aljihuna ranar Alhamis." Yana zaton wannan zai sanyaya mini rai. Ki duba da kyau. Takardu biyu a aljihu ɗaya, duka a kan rayuwata suke. Ya sa hannu ya zaro wadda za ta ɗaga shi, ya bar wadda za ta aurar da ni. Ya tsaya a gaban limamai arba'in ya karanta musu kalmomina a kan makiyayin da ba ya barin raunanniya a baya, ya zauna ya ci ayaba da miyar gyaɗa, takardar Erisa tana jingine da haƙarƙarinsa.

Da ma cewa ya yi yana tsoro, ba zai iya ba, da na san abin yi. Da na tafi tun ranar biyar ga wata na durƙusa a ƙofar Bishop har sai ya kira shi ya tambaye shi. Ba tsoronsa ne ya ci ni ba, kowa yana da nasa. Kwana tara ya yi yana duban idona yana cewa ofis.

Sau uku ya kira ni Adyeri, sau uku na amsa da Rabaran. Kin san abin da wannan yake nufi a wurinmu. Ko maƙiyinka ne, in ya kira ka da sunan girmamawa kakan mayar masa da nasa, a sauke murya. Na duba bakina ban ga Apuuli a ciki ba.

Na yi niyyar ɓoye wa Erisa. Ina shiga ya dube ni ya ce, "Bai aika ba ko?" Na ce bai aika ba. Ya kalli rufi, sannan ya ce, "To sai in jira Litinin. Na taɓa jiran katako wata shida ya bushe." Ya kuma ce kada in hana Rabaran shigowa gobe Alhamis. Na ce gidanka ne. Amma ba tuwo, ba shafi huɗu.

Yanzu abin da ya rage shi ne shela ta uku ranar Lahadi, a ɗaura Litinin da ƙarfe goma a nan ɗakin. Kwana biyar. Ina ƙirga numfashinsa kamar yadda nake ƙirga yara a aji.

Taki,
Keziya Adyeri

Kijwara,
Lahadi, 18 ga Mayu, 1997

Akiiki,

Gaisuwa. Ki yafe mini, yau ba ni da ƙarfin tambayar kowa.

Erisa ya rasu yau da safe, ƙarfe shida da kwata. Tsakar gida cike take da mutane, ana kafa rumfa, maza suna faskaren itacen zaman makoki. Na shige ɗakin Eseza na ce zan kwanta. Ba kwanciya zan yi ba.

Zan fara da nawa laifin, don kada ki ce na ga na kowa ban ga nawa ba. Jiya da rana ya farka garau, har ya nemi a jingina shi. Ya sa Eseza ta kawo zobban da ta sayo a Kampala. Ya kama hannuna ya ce, "Kawo yatsan nan, Adyeri." Na janye. Na ce masa kwana biyu ne kawai, mu yi abin yadda ya kamata, da addu'a da littafi da shaidu. Ya yi murmushi ya ce, "Malama dai malama ce." Ya mayar da zoben cikin takardarsa. Ni da na karance kundin nan daga bango zuwa bango, na san cewa mutum biyu ne suke ɗaukar wa juna alkawari, limami shaida ne kawai, ni ma na ce masa ya jira. Wannan zan kwana da shi har tawa ta zo.

Da ya cika, Eseza ta buɗe baki za ta yi kururuwa don maƙwabta su sani, kamar yadda ake yi. Na rufe mata baki da tafina. Na ce, "Ki ba ni awa biyu. Ki zauna da babanki, ki rufe ƙofa." Ta dube ni kamar na haukace, wataƙila kuwa haka ne. Na rufe masa ido, na ɗaure masa haɓa, na yi wanka, na sa rigar da aka ɗinka mini don gobe. Na tafi sujadar ƙarfe takwas.

Ban zauna a bencinmu na baya ba, na wuce har gaba. Matan Zumunta suna ta yi mini ido suna nuna rigar. Rabaran ya gan ni ya yi ajiyar zuciya, ya ɗauka zuwana sulhu ne.

Lokacin sanarwa ya buɗe littafin shela. Ya karanta: Erisa Bagonza na wannan ikkilisiya, da Keziya Kemigisa ta wannan ikkilisiya. Ya ce wannan ce shela ta uku. Ya yi tambayar da ake yi, cewa in akwai wanda ya san dalilin da zai hana a haɗa waɗannan biyu, ya tashi ya faɗa. Shekara goma sha ɗaya ina jin yana wannan tambaya, bai taɓa ɗaga kai ya jira amsa ba. Hannunsa har ya kai ga rufe littafin.

Na tashi na ce, "Ni na sani."

Wasu suka fara dariya, sun zaci wasan amarya ne. Rabaran bai yi ba.

Na ce, "Angon ya rasu yau da ƙarfe shida da kwata. Ya jira Lahadi biyu, ya kwana har ya ga safiyar ta uku. Akwai takardar da za ta hana shi wannan jira. Wanda yake son ganinta ya tambayi Rabaran, tana aljihunsa tun ranar takwas ga wata."

Ban ɗaga murya ba. Shekara talatin a gaban allo sun koya mini cewa ba sai an ɗaga ba. Ban ce komai a kan wa'azi ba, wannan tsakanina da shi ne, kuma ni ma da hannuna a ciki. Ya buɗe baki ya ce, "Adyeri," sai muryar nan da ake zuwa ji daga ƙauyuka uku ta maƙale.

Na juya na fita. Ban waiwaya ba, amma na ji bencuna suna ƙara ɗaya bayan ɗaya. Kafin in kai kwanar gonar shayi, cocin duka tana bayana, har da masu ganga. Eseza ta hango mu daga taga, ta saki kukan da na hana ta. An ce mini shi da dattijo ɗaya suka rage a ciki.

Na zaci zan ji sanyi. Ban ji ba. Na dawo na tarar da Erisa yadda na bar shi, ba shi da mata a littafi.

Talata za a binne shi, a cikin gonar ayabar da ke bayan gidanmu kusa da mahaifinsa.

Keziya

Kijwara,
Litinin, 26 ga Mayu, 1997

Zuwa ga Damali Akiiki,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da maigidan da yara. Amsarki ta wasiƙar farko ta iso ranar Juma'a, da katin taya murna da ɗan mayafin da kika saka a ciki. Kada ki ji komai, ba ki sani ba. Mayafin yana da kyau. Na sa shi a akwati.

Mutane sun fara watsewa, Eseza za ta koma aiki ranar Laraba. Bari in ƙarasa miki.

Ranar Litinin da ƙarfe goma daidai, lokacin da aka sa na ɗaurin auren, sai ga Rabaran. Ban sani ba ko ya lura da agogon. Ya rame a kwana ɗaya, wannan gaskiya ne, zan ba shi ita. Ya durƙusa a gaban gawar ya yi kuka, kuma na yarda kukan gaske ne, yana ƙaunar Erisa iyakar yadda ya iya ƙaunar wani. Sannan ya nemi magana da ni a bayan madafa. Ya roƙi gafara. Na ce na ji. Da ya tsaya nan da mun rabu da sauran mutunci. Amma shi mutum ne da ba ya iya barin wuri sai ya ba da wani abu, sai ya laluba ya samo mini kyauta.

Ya ce, "Adyeri, akwai abu ɗaya. Yanzu babu abin da ya hana ki jibi. Ranar Lahadi ki taso, ni da hannuna zan ba ki."

Sai da na ɗan jima kafin in gane. A dokarsu, abin da ya hana ni teburin Ubangiji shi ne ina zaune da namijin da ba a ɗaura mana aure ba. Namijin ya mutu. Matsalar ta kau. Mutumin da ya sassaƙa teburin da kansa, ya goge shi da yashi kwana uku, shi ne dattin da ke jikina, yanzu an wanke ni.

Na ce, "Wato Erisa ne ya tare hanyar."

Ya ce, "Ba haka nake nufi ba."

Na ce, "Na sani. Ba ka taɓa nufin komai ba, Rabaran. Ni nake rubuta maka abin da kake nufi."

Firipo ya so a kira wani limami ya yi jana'izar. Na ce a'a. Aikinsa ne, ya yi shi, a gaban mutanen da suka ji abin da na faɗa. Kafin a rufe akwatin na sa kowa ya fita. Na warware takardar da aka naɗe zobban, na sa wa Erisa nasa zoben, ya yi masa yawa har sai da na naɗa zare. Na sa nawa da kaina. Na gaya masa abin da ya kamata in gaya masa ranar Asabar. Ba shaida, ba littafi.

A bakin kabari Rabaran ya tsaya ba takarda a hannunsa, karo na farko tun zuwansa Kijwara. Bai kai minti biyar ba. Ya yi ta tuntuɓe, ya maimaita aya ɗaya sau biyu, mutane suna duban juna. Sai ya ce, "Erisa ya bar 'yarsa Eseza, ya bar matarsa Keziya." Ya faɗa da ƙarfi, ya sake faɗa, matarsa. Matan Zumunta suka yi ta gyaɗa kai, wata ta matse mini hannu wai ya gyara. Ni abin da na ji daban ne. Ashe kalmar tana bakinsa duk makonnin nan. Ba ta da nauyi, ba ta buƙatar Bishop. Ya ajiye ta sai ranar da wanda ya roƙe ta ba zai ji ba.

Bishop ya sauko daga dutse, labari ya kai masa kafin ya cire takalmi. An aiko wai in je in faɗi abin da ya faru. Firipo yana ta zuga ni, shi da ya riƙe layi uku shekara tara, yanzu shi ne mai zafin gaskiya. Ban je ba. Ko su ba shi kujerar ko su hana shi, ba za a buɗe littafin a rubuta ranar da ta wuce ba. Littattafan da nake yi masa aiki da su na ɗaure su da igiya na aika masa. Ya karanta, lokaci ya yi.

Jiya na je coci. Na zauna a bencinmu na baya, a gefena na bar wurin Erisa, inda katakon ya yi santsi. Aka tashi karɓar jibi layi-layi har aka gama. Rabaran bai juya ya koma bagadi ba. Ya tsaya da ƙoƙon a hannu yana dubana ta kan mutane. Masu waƙa suka kai ƙarshen baiti suka sake ɗaukowa daga farko. Kowa ya waiwayo. Eseza ta raɗa mini, "Mama, ke yake jira."

Na ce, "Ya jira."

Ina son jibin nan, Akiiki. Kin san ina so, tun muna kwaleji ban taɓa wasa da shi ba. Wataƙila wata rana in karɓa, a wani wuri, daga wani hannu. Amma shekara ashirin da bakwai mu biyu muke zama a bencin nan idan kowa ya tashi, ba zan miƙe a Lahadin farko in nuna wa Kijwara cewa shi ne ya riƙe ni ba. Na zauna ina juya zobena har hannunsa ya gaji ya sauke ƙoƙon.

Ki rubuto. In kin samu hutu a Disamba ki zo, ɗakin Eseza yana nan, ayabar bayan gidanmu kuma za ta nuna a lokacin. Ki gaida kowa da kowa. Ki duba yadda na sa hannu a ƙasa, haka za ki riƙa rubutawa a bayan ambulan daga yau. Ba ya cikin littafin kowa, ni na rubuta.

Taki har kullum,
Keziya, matar Erisa Bagonza